Hitar Kananzir Da Ta Ci Ɗorawata

Na fi shekara guda ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan maganar nan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da za a tsayar da ni a kansa gobe ƙiyama. Mutumin da zan yi magana a kansa ɗan baffana ne, kakanmu ɗaya, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Sau biyu ina cika shafi in yage. Yanzu dai lokaci ya matse ni, don haka zan faɗi abin da na sani, ba zan kama sunan kowa ba.

A wajenmu babu daji. Wanda bai san ƙasar nan ba zai zaci a ƙauye itace kyauta ne. Daga ƙofar gidana har Bagwai gona ce ke bin gona, kowace bishiya da mai ita, ko busasshen reshe ne ya faɗo an san na wane ne. Da kara ake girki, kara kuwa kafin damina ta yi nisa ya ƙare. Saboda haka idan matar mutum ta sami ciki, bayan ragon suna babu abin da yake tunani kamar itacen wankan jego. Kwana arba'in ne, safe da yamma, sai ruwa ya tafasa a yi wa mai jego wanka da ganyen darbejiya. Wanka tamanin ke nan. Namijin da itacensa ya ƙare kafin arba'in, matan gari ba sa manta masa.

Haihuwar da nake magana a kanta ita ce ta uku a gidana, a daminar bara waccan, don haka mai ɗakina a ɗakinta za ta yi jego. Tun cikin yana wata uku na fara tara itace. Na rage rassan darbejiyar bayan gida, na sayi kayan jaki huɗu daga wajen masu kawowa, wani kututture da ya daɗe a gonar maƙwabcina na roƙa na haƙe shi da kaina. Na jera su a kan duwatsu, na barbaɗa toka a ƙasa saboda gara, na rufe da tsohon kwano. Kullum in na dawo daga masallacin asuba sai na ɗaga kwanon na duba. Mai ɗakina tana yi mini dariya, wai ko cikin nata ba na dubawa haka.

Sai kuma maganar ɗorawa, don in ban faɗe ta ba ba za a gane sauran ba. Da aka raba gonar kakanmu, wata babbar ɗorawa ta faɗo a ɓangaren mahaifina da taku ɗaya tak daga iyaka. Gindinta nawa ne, amma da safe inuwarta a kan geron ɗan baffana take kwanciya. Sau uku yana cewa in sare ta, ina ba shi haƙuri. Da kalwarta mai ɗakina take daddawa tana sayarwa, daga nan take samun sabulu da gishiri da takalman yara. Ba bishiyar da zan sare ba ce.

Shi ɗan baffan nawa ya girme ni da shekara biyu, Yaya nake ce masa. Iyalinsa suna nan ƙauye, shi kuwa yana aiki wajen wani mai walda a Ungogo, sai ranar Juma'a ya zo gida. Wata Juma'a a ƙarshen bazara sai ga shi a adaidaita sahu da wani abu a ɗaure a baya. Duro ne aka yanke, aka ratsa bututu ta tsakiyarsa, a ƙasa akwai wurin wuta, a gefe kuma ɗan tanki da ƙaramin famfo da yake ɗigo da kananzir. An shafe shi da shuɗin fenti. Ya ce sunansa hita, su suke ƙera ta.

Ya tsaya a gaban itacena ya riƙe ƙugu.

"Ƙanina, wannan tulin fa? Gidan burodi za ka buɗe?"

"Na jego ne, Yaya."

"Kai har yanzu kana zamanin hayaƙi. Mutanen birni sun bar wannan wahalar. Ka ga wannan? Kwalba ɗaya ta kananzir, duro guda ya tafasa."

"Kwalba ɗaya?"

"Ɗaya tak. In ta kai biyu ka zo ka tofa mini yawu."

Ya ce in kawo ruwa mu gwada. Akwai bokiti ɗaya a tsakar gida da yara suka ɗebo tun safe, yana zaune a rana. Shi ya ɗauko da hannunsa ya juye a ciki, ya kunna. Kafin mu gama cin goron da ya raba mana ruwan yana huci. Ya ɗaga kwalbar ya nuna mini, ko kwata ba ta sha ba.

Na yi masa tambayoyi har ya gaji. Ba ta fashewa? Ba ta hujewa? In famfon ya toshe fa? Ya ce, "Kai da tambaya sai ka ce alƙali." Tambaya ɗaya ce ban yi ba, kuma ita ce har yau take hana ni sukuni. Ban ce mu cika duron da ruwan rijiya mai sanyi mu gani ba.

Da ya ga ina jan ƙafa sai ya taɓa ni inda ya san yana yi mini ciwo. Ya san ni tun muna yara, ya san abin da bai faru ba ma ina jin tsoronsa.

"Ka lissafa watan haihuwar kuwa? A marka za ta faɗo. Ruwa kwana uku ba ɗaukewa, wannan ruɓaɓɓen kwanon ne zai tare maka? Itace ya jiƙe, mai jego tana jira, kai kana hura wuta kana hawaye. Ni ba na son kobonka. Ba ni itacen in kai wa masu burodi, ka riƙe hita."

Kwana uku ina juya maganar. Duk sanda na rufe ido sai in ga itacen a jiƙe. Ranar Litinin da safe na ce na yarda. Sawu biyu adaidaita ta yi ta kwashe abin da na tara a wata huɗu. Mai ɗakina tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki da tsohon ciki, ta ce, "Malam, ka shawarci Gwaggo kuwa?" Na ce wannan ba maganar mata ba ce. Wannan amsar tawa ma tana cikin abin da nake jin kunyarsa.

Gwaggo ƙanwar mahaifin mai ɗakina ce, ita take yi wa duk 'ya'yan gidansu wankan jego. An haihu lafiya, mace, a tsakiyar marka kamar yadda aka lissafa. Gwaggo ta iso da ƙullin kayanta da kanwar kunu. Ta zagaya tsakar gida tana dube-dube.

"Ina itacen?"

Na nuna mata hita a ƙarƙashin rumfa. Ta kalle ta, ta kalle ni.

"Wannan kuma injin niƙa ne?"

Washegari da asuba na cika duron da bokiti shida daga rijiya, na zuba kwalba ɗaya, na kunna. Wutar ta kama da kyau, shuɗiya, har na ji daɗi. Na zauna a gefe ina jira. Gari ya waye, wutar ta yi ƙasa ta mutu. Gwaggo ta fito ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannunta.

"Ɗan nan, alwala za a yi da wannan ko wanka?"

Na aika aka sayo ta biyu. Ta ƙare ruwan ya yi zafin da namiji zai yi wanka, amma Gwaggo ta ce ita sai ta ga yana tafasa, ita za ta sirka da kanta. Sai da kwalba ta uku ta kusa ƙarewa sannan ya fara ɓararraka. A lokacin hantsi ya yi, mai jego tana zaune da zani tana rawar sanyi.

A kantin garinmu kuɗin kwalba ɗaya ya kusa kuɗin kwanon dawa. Uku da safe, uku da yamma. Ni ba mai albashi ba ne, abin da nake da shi yana cikin rumbu, rumbu kuwa a marka kowa ya san yadda yake. Kullum sai in ɗebi kwano shida in kai kanti, abincin da zai riƙe gidana kwana uku, in dawo da shi a kwalabe in ƙone. Ina jin ɗigon famfon nan kamar jinina ne yake ɗiga.

Ranar Juma'a Yaya ya zo barka. Na ja shi gefe na gaya masa.

"Ai kai ne ka buɗe famfon da yawa," in ji shi. "Komai sai an koya maka."

Ya murɗa shi da kansa, wutar ta zama ƙarama. Ranar wankan yamma bai samu ba sai bayan magariba, kuma kwalba ukun dai ta sha. Na ce to a warware cinikin, ya mayar mini da itacena. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Itacen da aka toya burodi da shi aka cinye? Wataƙila ma kai ka ci wani a shayin suna."

Ya ce tun da kananzir ta fi ƙarfina, in je Watari wajen masu injin ban ruwa, suna zubar da baƙin mai, in haɗa rabi da rabi. Na hau keke na je na roƙo galan guda. Da na kunna, wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan, ya shiga ɗakin mai jego ta saman ƙofa. Jaririya 'yar kwana tara ta kama tari, idonta yana ruwa. Gwaggo ta fito da ita a kafaɗa ta tsaya a zaure inda masu wucewa za su ji.

"Shekara talatin ina wankan jego, ban taɓa ganin wanda ya turara jariri da man mota ba sai kai. Ka saurare ni da kyau. Gobe in ban ga itace a gidan nan ba, zan ɗauki 'yata da jikata mu tafi. Ubanta talaka ne, amma yana da murhu."

A ce an ɗauke mai jego daga gidan mijinta a haihuwa ta uku don ya kasa dafa mata ruwa. Wannan magana ce da za ta bi 'ya'yana har su girma. Busasshen itace kuwa a marka sai mai kuɗi a hannu, ni kuma rumbuna ya kusa nuna ƙasa.

Ina zaune a dakalin ƙofar gida na rasa inda zan sa kaina, sai ga Yaya. Ya zauna kusa da ni, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya. Ya ce ya san wani mai sayen bishiya a tsaye, yana da busasshen itace a ajiye, zai ba ni nan take in na ba shi ɗorawa. Ba ni da wata hanya, na ce ya kira shi.

Ban yi zaton mutumin zai zo kafin kwana biyu ba. Kafin la'asar ya iso da injin yanka da mutum biyu, itacen ma yana cikin motar. Na ce muje in nuna masa bishiyar. Ya ce, "Haba malam, ai na san ta. Tun bazara aka kai ni na gani."

Tun bazara. Na juya na kalli Yaya, shi kuma ya sunkuya yana kakkaɓe takalmi.

Na so in ce an fasa. Amma Gwaggo ta riga ta ɗaure ƙullinta, na gan shi a bakin ƙofa. Aka sare ɗorawar da kakanmu ya tarar a tsaye. Yaya ne ya tsaya yana nuna musu inda za su kayar da ita, kada ta taɓa masa gero. A kan nawa ta faɗi, ta kwantar da kunya goma sha ɗaya, na ƙirga. Itacen da aka ba ni bai kai wanda na tara ba. Da ƙyar ya kai mu kwana talatin da bakwai, ukun ƙarshe Gwaggo ce ta aika gidansu aka kawo ɗauri biyu, kuma ta tabbatar kowa ya ji.

Mai ɗakina ba ta yi mini gori ba. Ranar da ta fara fita bayan arba'in ta bi ta gona, ta dawo ta ɗauki tukunyar daddawarta ta kife a bayan ɗaki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar ban bar gaishe shi ba, don na san hukuncin ƙaurace wa ɗan'uwa. Amma gaisuwa ce kawai. Bara geronsa na bakin iyaka ya yi tsawon da bai taɓa yi ba, ina wucewa ina gani. Babu abin da ban saƙa a raina ba. Na yi tunanin kwance awaki in kora su ciki. Na yi tunanin in je Ungogo in tsaya a bakin shagon in kori duk mai zuwa saye. Duk na bari, don awaki ba su san geron wa suke ci ba, abincin 'ya'yansa ne, kuma mai shagon bai yi mini komai ba. Ni shi nake so, shi kaɗai, kuma a gaban mutane, kamar yadda aka yi mini a zaure.

Bana sai Allah ya kawo. Matarsa tana da ciki. Tun wata uku da suka wuce nake jin jakuna suna tsayawa a ƙofarsa. Na leƙa ta kan katanga, itace ne tuli, an jera a kan duwatsu, an rufe da sabon kwano.

"Yaya, gidan burodi za ka buɗe?"

Bai ɗago ba. "Na jego ne."

"Ina hita? Na ji an ce kwalba ɗaya ce."

"Ita ba ta son warin kananzir," in ji shi, ya shige ɗaki.

Ranar na yanke abin da zan yi. Hitar tana nan a bayan rumbu, ban yar ba. Ranar suna da safe, in an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, liman ya raɗa suna ana raba goro, zan turo ta a amalanke da kwalba ɗaya ta kananzir a ɗaure a wuyanta. Zan ce, "Yaya, ga gudummawata. Ka ba ni itacen nan in rage maka wahala, kwalba ɗaya ta ishe ka." Sannan in ba da labarin tun daga bokitin da ya sha rana har zuwa mai injin da ya san bishiyata tun bazara. Ba zan ɗaga murya ba. Na maimaita maganar a gona ni kaɗai har na haddace.

Da na gaya wa mai ɗakina ta ajiye tankaɗen da take yi ta ce, "In ta yi maka nauyi ka faɗa, ni zan wanke ta in ɗora maka."

Da a ce ni wani ne da shi ke nan. Amma na je wajen liman, na ba shi labarin kamar na wasu mutane ne a wani gari, ko da yake na san ya gane. Ya ce wanda aka zalunta yana da damar ya faɗi zaluncin da aka yi masa. Sai ya ce, "Amma ka tabbata ya san ƙarya yake yi? In shi ma haka aka gaya masa fa? In hitar taka ce ta zo da matsala fa? Ka kunyata mutum ranar sunan ɗansa a kan zato, ka san inda ka ajiye kanka."

Wannan maganar ita ta tsaya mini a wuya. Na sayi kananzir da kuɗin da ba ni da shi na sake gwadawa sau biyu, sau ɗaya da famfon a buɗe, sau ɗaya a matse. Duk biyun uku ta sha. Amma tawa kaɗai na sani, ban taɓa ganin wata ba. Mai yiwuwa ne a cikin waɗanda suka ƙera tawa ce ta fito da bututu a karkace. Mai yiwuwa ne bokitin nan hannunsa ne kawai ya kai gare shi, ba zaɓa ya yi ba. Mai injin ma, Yaya ya daɗe yana son a sare bishiyar, zai iya nuna ta ba tare da ya haɗa da hita ba. Zuciyata ba ta yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai dai zuciyata ce ta ce in ba da itacen. Ga kuma matarsa, wadda ta yi mana kunun kanwa sau da yawa a jegon nan, ita ba ta yi mini laifin komai ba, kuma sunan nata ne.

Shi ya sa na rubuta. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya taɓa amfani da irin wannan hitar ta duro mai ɗigon kananzir, ko yana ƙera ta, ko ya san aikin wuta da mai, ya gaya mini don Allah: bokiti shida na ruwan rijiya, da asuba, a cikin marka, kwalba nawa take sha kafin ya tafasa? Kuma wanda yake aiki a inda ake ƙera ta, zai yiwu a ce bai sani ba? A ba da amsar ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, za ta iso ni. Kada a faɗa don a faranta mini. In aka sami mutum ɗaya mai tsoron Allah da ya ce shi da kwalba ɗaya ya tafasa duro, zan bar ta a bayan rumbu, in je suna in karɓi goro in yi addu'a in dawo, abin da ke raina in bar wa Allah. In ba a samu ba, na riga na yi magana da mai amalanke. A taimaka a hanzarta, don matan gida sun ce bai fi wata guda ya rage mata ba.